Maigida na so ya kai mu wasan ƙanƙara a Turkiyya, ga yarinya mai sikila

Assalamu alaikum Anti. Daga Katsina nake rubuto miki. Maigidana a birnin Bursa na ƙasar Turkiyya ya yi digirinsa na biyu, kuma tun da muka yi aure ba shi da labari sai na dutsen Uludag da yadda suke hawa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Bana Allah Ya buɗa masa, ya ce hutun ƙarshen shekara can za mu yi, kwana biyar a otal a saman dutsen. Yaranmu uku: babban shekararsa takwas, mai bi masa mace ce 'yar shekara biyar, SS ce, sai auta da bai cika shekara biyu ba. Ni ko hunturun nan namu ya shigo ba na samun barcin kirki saboda yarinyar, bara ma sai da aka ba mu gado. Na yi masa magana, ya ce yaran can ma ai yara ne, akwai rigunan sanyi, kuma shi ba zai tafi da wasu ya bar wata ba, kada ta tashi tana jin ita daban ce. Har cewa ya yi tawakkalina ne ya yi ƙaranci. Hajiyarsa ta ji labari ta ce a fasa a tafi Umara, yanzu gani yake ni na kai ƙara, alhali ban kai ba. Yara kuma sun riga sun ji, kullum zancen ke nan. Gaskiya ni ma ina son zuwa, ban taɓa ganin ƙanƙara tana sauka ba. Yaya zan yi?

Maman Uku, Katsina

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba yarinya lafiya, Ya raya su gaba ɗaya.

Tsoronki a kan hanya yake, kuma ba shi da alaƙa da ƙarancin tawakkali. Sai dai ban ga dalilin da zai sa a fasa tafiyar ɗungurungum ba. Abin da ban yarda da shi ba guda ɗaya ne: kwana biyar a saman dutse da 'yar shekara biyar mai SS. Wannan kam a cire shi daga lissafi, sauran kuma a zauna a gyara.

Maigidanki yana kallon abin ta fuskar sanyi kawai, shi ya sa yake ganin riga mai kauri ta gama magana. Da sanyi ne kaɗai da na ce yana da 'yar hujja. Abubuwan da suka fi tayar da ciwon sikila uku ne a irin wannan wuri, kuma a saman Uludag haɗuwa suke yi lokaci guda. Sanyi yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, jinin ya rage gudu, ƙwayoyin da suka lanƙwashe su samu damar toshe hanya. Wannan kin san shi, shi ne ke hana ki barci da hunturu. Amma ki lura, sanyin Katsina da muke kuka da shi da asuba, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, can kuwa ƙasa da sifili ake magana, ruwa yana daskarewa a waje. Na biyu shi ne tudu. Katsina tana kan tsayin mita 500 da 'yan kai daga matakin teku. Unguwar otal-otal ta Uludag tana wajen mita 1,800 zuwa sama, ƙololuwar dutsen kuma mita 2,543. Duk yadda aka ƙara hawa, iskar oksijin da ke shiga jini a kowane numfashi raguwa take yi, kuma ƙarancin oksijin shi ne ainihin abin da ke sa ƙwayar jinin mai sikila ta lanƙwashe. Likitoci sukan fara ja wa masu SS kunne tun daga wajen mita 1,500. Babu rigar da ke maganin wannan, ko nawa aka saye ta. Yarinya tana kwance cikin ɗaki mai ɗumi, an lulluɓe ta da bargo, amma iskar da take shaƙa duk dare ta tudu ce. Na uku ƙarancin ruwa a jiki. Iskar dutse busasshiya ce, na'urar ɗumama ɗaki tana ƙara busar da ita, kuma yaro ba ya jin ƙishirwa cikin sanyi, sai ki ga ya wuni bai nemi ruwa ba.

Sai ki ƙara da nisan asibiti. Daga saman dutsen zuwa cikin Bursa hanya ce mai kwana-kwana, tafiyar kusan awa guda idan gari lafiya, ranar da ƙanƙara ta zuba da yawa kuwa sai an ɗaura wa tayoyi sarƙa. Akwai motar da ke rataye a waya, wadda suke kira teleferik, mai tsawon kusan kilomita 9, amma ba ta aiki cikin tsakar dare, kuma idan iska ta yi ƙarfi dakatar da ita ake yi. Ke da kika taɓa riƙe yarinya ƙarfe biyun dare tana kukan ƙafa da baya, ba sai na faɗa miki abin da awa guda take nufi ba. Shi Baban nasu lokacin da yake hawa, saurayi ne shi kaɗai da jakarsa.

Ko jirgin ma abin tambaya ne. Daga Abuja zuwa Istanbul tafiyar sama da awa shida ce, kuma iskar cikin jirgi daidai take da ta tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Masu sikila da yawa suna hawa jirgi su sauka lafiya, kada wannan ya firgita ki, amma likitan da ke duba ta shi ne zai ce ta isa ko ba ta isa ba, bayan ya ga yawan jininta da kuma irin kwanciyar da ta yi bara. Idan ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita, ko an taɓa ƙara mata jini saboda saifa, hukuncin zai fi tsauri. To a nan dabarar take: kada ki je asibiti ke kaɗai ki dawo da saƙo. Saƙon da ya biyo ta bakinki a yanzu, ko gaskiya ne, zai ji shi a matsayin ra'ayinki. Ku tafi tare, ki yi shiru, shi ya faɗa wa likita sunan wurin da tsayinsa da adadin kwanakin, ya ji amsa da kunnensa. Namijin da ya yi digiri biyu ya fi saurin sauka idan lamba ce ta kayar da shi ba matarsa ba.

Tunda an haifi SS a gidan, ke da shi kowa yana ɗauke da S ke nan, kuma ba ku kaɗai ba, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya haka yake. Ban ga kin faɗi rukunin jinin babban da autan ba, wato ko AA ne ko AS ko SS. Idan ba a gwada ba, a gwada kafin tafiya. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, shi ma maigidan ai ya hau ya sauko, amma an sha samun masu AS da saifarsu ta yi ciwo a tudu mai nisa, musamman idan sun haɗa da wahalar jiki da rashin shan ruwa. Duk wanda ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari, ya sauko daga dutsen ya nufi asibiti, kada a tsaya shan maganin gyambon ciki.

Auta kuma, ki yafe ni, ba shi da abin yi a can. Makarantun koyon zamiya sukan fara karɓar yara ne daga shekara uku ko huɗu, shi ko tunawa ba zai yi ba. Ƙaramin yaro ya fi babba saurin rasa ɗumin jiki, kuma ba zai iya cewa yatsunsa sun mutu ba. Abin da na fi jiye miki shi ne goyo. Mu a wurinmu bayan uwa shi ne wurin da ya fi ko'ina aminci, to a cikin ƙanƙara ba haka ba ne. Ke kina tafiya jikinki yana ɗumi har da gumi, shi yana ɗaure ba ya motsi, ƙafafunsa biyu a waje suna reto, zani kuma ya matse cinyoyinsa. Zai yi shiru ki ɗauka barci ne mai daɗi. Ga santsi, faɗuwa ɗaya ta baya a kan daskararren ruwa da yaro a goye, Allah Ya kiyaye. Kuma a baƙar fata, yatsan da sanyi ya fara ci ba ja yake yi ba yadda ake nunawa a hotunan Turawa, toka-toka yake yi, ya yi tauri. Idan kin ga haka kada ki murza, kada ki kara shi a jikin na'urar ɗumi. Ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda gwiwar hannunki za ta iya zama a ciki, shi ake sa wa. Idan an yaye shi kuma akwai kakar da ya saba da ita, barinsa a Katsina ba rashin tausayi ba ne. Idan yana shan nono, ya biyo ki, amma ya zauna a gari.

Da na ce gari, ga abin da nake nufi. Ku kama masauki a cikin Bursa, ba a saman dutse ba. Birnin a gindin dutsen yake, bai ma kai Katsina tudu ba, ga manyan asibitoci kusa. Da sanyinsa, ya fi namu nesa ba kusa ba, da ruwan sama, saboda haka yarinya za ta sha riguna da ruwan ɗumi, amma matsalar iska ta kau. Da safe Baba da babban yaya su hau teleferik su je su yi zamiyarsu, la'asar su sauko a ci abincin dare tare. Wata rana a yi musanye, shi ya zauna da ƙananan ke ki hau, tunda kin ce kina so, kuma ban ga laifin hakan ba. Ita kuwa yarinyar, idan likita ya amince, kuma sai idan ya amince, a zaɓi rana mai haske marar iska a kai ta tashar tsakiya ta Sarialan, wadda ke wajen mita 1,600, da tsakar rana. Ta taɓa dusar, ta dunƙula ta jefi yayanta, a yi hoto, a sha shayi, kafin awa guda an juyo. Abin da 'yar shekara biyar take nufi da "ƙanƙara" bai wuce wannan ba. Wani lokacin ma dusar takan sauka har cikin birnin, ta gani ta taga.

Kuma Bursa ba wurin zaman jira ba ne. Ita ce babban birnin Daular Usmaniyya ta Turkiyya na farko, tun bayan da suka ci ta a 1326. Babban masallacinta, Ulu Cami, mai ƙubba 20, an kammala shi a 1399, da wurin alwala a tsakiyarsa. Kusa da shi akwai Koza Han, tsohuwar kasuwar alharini, inda na tabbata kuɗin tsarabar Hajiya zai ƙare. Abinci kuma babu fargabar halal, ga masallaci ko'ina. Maigidan ya san duk wannan fiye da ni, ki bar shi ya yi muku jagora, zai ji daɗin nuna garin da ya yi karatu.

Babban yaron shi ne mai cin moriyar tafiyar. Shekara takwas lokaci ne mai kyau na koyo. A ɗaukar masa malami, kada uban ya ce shi zai koya masa, don uba da ɗa a kan gangara ƙarshenta tsawa ne da kuka. Awa biyu a rana ta ishe shi da farko. Hular kwano dole ce, ba ado ba. Allunan zamiya da takalmansu haya ake yi a can, kada ku sayi ko ɗaya. A wajen sutura ne mutanenmu suka fi yin kuskure: a jibga wa yaro singileti da riga da wata rigar, duk na auduga, a ɗora ƙatuwar rigar sanyi. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ya tsaya hutawa sai ta koma kamar jiƙaƙƙen tsumma a jikinsa. Hawa uku ake yi: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba, ta tsakiya mai laushi ta ulu, ta waje wadda ruwa da iska ba sa ratsa ta, har da wandonta. Ta tsakiyar da hulunan ulu za ki samu a gwanjo, ko nan Katsina ko Ƙofar Wambai a Kano, sauran a saya ko a yi haya a Bursa inda suka san kayan. Safa ƙafa ɗaya mai tsawo ta fi biyu, don biyun matse ƙafa suke yi jini ya kasa zagayawa. Safar hannu a riƙe ta canji, kullum sai ta jiƙe. Ki sa shi ya zaga bayi kafin a fara shirya shi, in ba haka ba sai an gama ɗaure komai zai ce fitsari.

Tabarau kada ki ɗauke shi gayu. Sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna zuwa fuska, kuma baƙar fata ba ta kare ido. Yaro zai wuni lafiya, da dare ido ya yi ja yana zubar da hawaye ya kasa buɗewa. Man kaɗenki ki tafi da shi saboda leɓe da kumatu. Ke kuma ranar da za ki hau, dogon hijabi da mayafi mai reto ba su dace da kujerun da ke ɗaukar mutane zuwa sama ba, suna iya maƙalewa a ƙarfe. Ƙaramin hijabi a cusa shi cikin riga, rigar ta sauko har gwiwa, sutura ta cika ba tare da haɗari ba.

Kafin a biya kuɗin komai, ya binciki yanayin bana. Ƙarshen Disamba wani lokacin dusar ba ta gama zama ba, Janairu da Fabrairu sun fi tabbas, sai dai a rabin ƙarshe na Janairu ne makarantun Turkiyya ke hutun tsakiyar shekara, wurin ya cika maƙil farashi ya tashi. Kada a biya otal ɗin da ba a mayar da kuɗi kafin biza ta fito. Inshorar tafiya kuma a karanta ta da kyau: da yawa ba sa ɗaukar raunin da aka ji a wasan ƙanƙara sai an ƙara kuɗi, kuma ciwon da mutum ya riga yana da shi, irin sikila, idan ba a bayyana shi tun farko ba za su ƙi biya ranar da ake buƙata. Magungunanta a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba, tare da takardar likita da Turanci mai ɗauke da rukunin jininta da abin da aka saba ba ta idan ciwon ya tashi. Ki riƙe ma'aunin zafin jiki. Ya kai 38, asibiti kai tsaye, lambar gaggawa a can 112 ce. Duk yaron da ya yi zazzaɓi cikinsu, ki faɗa wa likita daga Najeriya kuka zo, a gwada maleriya. Ba ciwon yau da kullum ba ne a wurinsu, mura za su fara zato.

Idan lissafin Turkiyya ya ƙi, akwai ƙanƙarar cikin gini. Ski Dubai tana nan tun 2005, Ski Egypt kuma a gefen Alƙahira tun 2017. Sanyin na gaske ne, ƙasa da sifili, don haka ita yarinyar ba za ta daɗe a ciki ba, amma babu tudu, kuma taku kaɗan ne tsakaninta da ɗumi. Na san wannan ba zai gamsar da maigidan ba, don shi ba ƙanƙara kawai yake nema ba, ƙuruciyarsa yake so ya nuna wa 'ya'yansa.

Shi ya sa nake so ki sassauta yadda kike masa maganar. Cewar da ya yi ba zai bar yarinya a baya ba don kada ta ji ita daban ce, magana ce ta uba nagari, iyaye da yawa ba sa kaiwa nan a tunani. Ki fara da yaba masa wannan, da gaske ba da gatse ba. Sannan ki nuna masa cewa tsarin zama a Bursa shi ne ke cika burin nasa: kowa ya je, ba a bar kowa ba. Zancen tawakkali kuwa, ya san hadisin mai raƙumi, a ɗaure sannan a dogara ga Allah. Ba sai kin karanto masa ba, tuni kawai za ki yi cikin raha. Ki zaɓi lokacin da yara suka yi barci, kuma ba ranar da ya dawo daga gidan Hajiya ba.

Batun Hajiya, ki faɗa masa sau ɗaya cewa ba ke kika kai maganar ba, ki bar shi a nan. Gidan da yara uku suka ji za a hau jirgi, ai ba a neman wanda ya kai labari. Ita ma Umarar da ta kawo tsoro ne irin naki ya sa ta, ta dai sa masa rigar da ɗanta ba zai iya musu da ita ba. Kada ki fake a bayanta, kada kuma ki ja da ita. Shi zai je ya yi mata bayanin sabon tsarin da abin da likita ya ce, ya nemi albarkarta. Idan hankalinta ya kwanta a kan jikarta, da wuya ta ci gaba da cewa a fasa.

Abu na ƙarshe da za ki sa wa ido shi ne bakin mutanen gida. Ko an canja tsari ko an ɗage, kada yarinyar ta taɓa jin "saboda ke ne". Yayanta zai iya faɗa cikin fushi, ki riga shi, ki zaunar da shi ki ce Baba ne ya ga zama a gari ya fi. Daga yau kuma a daina yi musu alkawarin kowa zai yi zamiya, a ce za a je Turkiyya a ga garin da Baba ya yi karatu. Idan likita ya ce ko jirgin ma bana bai yarda ba, to Baba da yaya su je na kwana uku ko huɗu, ita kuma a ba ta nata zaɓin tun kafin su tashi, ta faɗi inda take so a kai ta da sun dawo, a sa rana, kuma shi da kansa ya kai ta.